A BAR WA DATTIJO KANSA

Ya ku 'yan'uwa na rassan Tasawa da Mayahi, da na Maijirgi, da Urafan, da Korgom, da Kanambakashe, da Isawan, da Cake, da sauran garuruwan kasuwa! A karanta wannan takarda da ƙarfi a gaban jama'a, gama waɗanda maganar ta fi shafa ba su yi lakwal ba.

Wani abu ya faru a ɗaya daga cikin rassanmu. Ba za mu faɗi sunan garin ba, mutanen wurin sun san kansu. Ranar kasuwa ce, anka kira taro bayan la'asar. Wani dattijo manomi, mai furfura har gira, ya taso daga ƙauyensu a ƙasa, tafiyar rabin yini, ya sai da ɗan wakensa, ya zo wurin taro da malfarsa a kai da 'yar taguwarsa wadda ta sha wanki. Ya nufi tabarmar gaba, inda sa'o'insa ke zaune. Sai wani saurayi cikinmu, mai riƙe da littafin sunaye, ya tare shi ya ce: "Baba, gaba ta manya ce. In nan za ka zauna, sai ka tuɓe wannan faifan da ke kanka." Anka yi dariya. Dattijo bai ce uffan ba. Ya juya, ya saɓa sandarsa, ya kama hanyar gida. Tun daga ran nan ba mutum ɗaya na ƙauyensu da ya sake taka wurin taro.

Maimakon a ji kunya, sai wasu sunka kawo shawara wai a kafa doka: duk dattijon da zai zauna gaba, sai da jar dara da babbar riga, don in baƙi sun zo su ga reshe da kwarjini. Mun ji. Ga amsarmu: ba mu yarda ba. Kuma saurayin nan ɗan lakwal ne irinmu, benci irin wanda munka zauna ya zauna, saboda haka kunyar tamu ce mu duka masu riƙe da alli.

Za a ce mana hula ƙaramar magana ce, ga yunwa, ga lanho, ga rijiyoyi sun ƙafe. To, a tambayi tsofaffi ko ƙarama ce. A wurin Bahaushe, girmamawa daga ƙafa take: ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka gai da na gaba, amma kanka a rufe. Kai a buɗe na yaro ne, ko na wanda hankalinsa ya gushe. Shi ya sa in an ce an tuɓe sarki, kowa ya san rawaninsa anka cire. Nasara kuwa al'adarsa akasin haka take: shi hula yake cirewa, takalminsa na ƙafa. Da ya ci ƙasar nan bai tsaya tambayar al'adar kowa ba, ya ɗora mana tasa. Ƙarƙashin dokar indijena, wadda ba a soke ba sai a 1946, kumandan na da ikon kulle mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba, ya kuma ci shi tara, kuma rashin gaisuwa yadda yake so ya isa laifi. Kakanninmu sun sauka daga kan doki, sun tsaya cikin rana kai a buɗe gaban yaron da bai kai ɗansu na fari ba. Wannan kalma, "tuɓe abin da ke kanka", mun san daga bakin da ta fito. Yau ga ta a bakin ɗanmu, da Hausa, cikin taronmu! Wa ya koya masa?

Sai mu zo ga jar dara, tun da ita ake so a naɗa sarauniyar huluna. Ba mu ƙi ta ba. Tana da kyau a kan dattijo, musamman bisa farar riga, kuma mutanen Nijar sun riƙe ta har an san su da ita a ƙasashen maƙwabta. Amma masu cewa ita kaɗai ce hular ƙasa, su dakata su ji asalinta. Dara ba a Tasawa ake yin ta ba, ba a Maraɗi ba, ba a Damagaram ba. Ta gaske daga Tunis take, inda ake saƙa ta da gashin tumaki, ƙatuwa kamar jaka, a yi ta dukan ta cikin ruwa har ta tsuke ta yi kauri, a taje ta, a rina ta ja, a ɗora ta bisa ma'auni. Fatake ne sunka riƙa ratso hamada da ita tun kafin zuwan Faransa, sarakuna da malamai na naɗa rawani a kanta. Daga baya masana'antun ƙasar Cek, can tsakiyar Turai, sunka shiga yin ta da inji suna aiko mana. Wannan tarihinta na farko ke nan. Na biyun ya fi ɗaci: jar hula ce Faransa ta sa wa sojojinta baƙar fata, ita ce kuma a kan gardin bariki. Lokacin aikin tilas, wanda shi ma sai a 1946 anka hana shi, in an hango jan abu tafe daga nesa, samari daji suke yi, mata su ɓoye awaki. Mun wanke ta, mun mai da ita tamu, madalla. Amma hular da ta yi irin wannan yawo ba ta da bakin da za ta kori malfa daga tabarma.

Mu mutanen wannan yanki muna da wani darasi a ƙofar gidanmu, wanda ya kamata ya hana mu ruɗuwa da abin da mutum ya sa. A 1899 kyaftin Voulet da abokinsa Chanoine sunka ratso ƙasar nan daga yamma, suna ƙone garuruwa, suna kashe mata da yara. Birnin Ƙonni ta gani, ƙauyukanmu sun gani. Labarin ya kai Faransa, anka aiko kanar Klobb ya tsai da su. Ya bi sawunsu da toka da gawa har ya cim musu kusa da Tasawa. Ran 14 ga Yuli, a Ɗankori, Voulet ya sa anka harbe shi, alhali kakinsu iri ɗaya, tutarsu ɗaya. Bayan haka Voulet ya cire galolinsa, ya shaida wa mutanensa wai shi ya bar zama Bafaranshe, ya zama sarkin baƙar fata, zai kafa daularsa. Sarautar ba ta yi kwana huɗu ba. Sojojinsa, masu jar hular nan, su sunka juya: sunka kashe Chanoine ran 16, Voulet ran 17. Kaburburansu na nan Maijirgi, duk mai bin hanyar Damagaram yana wucewa ta garin. To, mu tambaye ku: da ya cire galoli, hannunsa ya wanku? Da a ce ya sami babbar riga aska takwas da rawani ya naɗa, da sai mu shimfiɗa masa tabarmar gaba? Ga dokar da 'yan'uwanmu ke nema, ai da ya cancanta.

Yanzu malfa, wadda anka kira faifai. Ku dubi inda muke zaune. Gulbin Kaba ya ratsa ƙasar Mayahi, sunansa ma ya faɗi arzikinsa. Daga kabar nan ake saƙa tabarmar da ake hana mutum zama a kai, da igiyar guga, da faifai, da malfa. Mutumin ƙauye ya yanko, ya shanya, ya tsaga, ya zauna gindin bishiya da rani yana saƙa. Baduku ya yi mata baki da tuntu da maɗauri na jar fata. Tun daga ganye har ta hau kai, ko dala ɗaya ba ta ƙetare iyaka ba. Ba ta biyan duwan, ba ta jiran jirgi. In akwai hular da ta isa a ce mata ta ƙasa, ita ce.

Kuma ita ce ta san rana. A watan Afrilu da Mayu zafi a nan yakan haura digiri 40. Dara ba ta da inuwa, kube ba ta da inuwa. Malfa na rufe fuska da ƙeya da kafaɗu, iska na shiga ta ƙofofin saƙa. Mutum mai shekara 70 da zai yi tafiyar rabin yini cikin rairayi, wace hula hankali zai ba shi? Nasara da kansa, da ya ɗanɗana ranarmu, ai malfa ya yi wa kansa, fara mai tauri, ya sa mata suna kask, ya riƙa tsoron fita ba ita ko da taku goma ne. A kansa munka ce mata alamar mulki. A kan ubanmu mun ce faifai. Kai, jama'a!

Kada dattawa su ce mun goya musu baya ko ta halin ƙaƙa. Akwai maganar da za mu faɗa musu, a durƙushe, gama mu yara ne, ba mu kai talatin ba, kuma mun san abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma shi ma babba ba ya ganin ƙeyarsa.

Baba, mun fara ganin wasunku a kasuwa da hular hana-salla, baki a gaba kamar agwagwa, da matsattsiyar rigar gwanjo mai rubutu a ƙirji. Mu da munka iya karanta rubutun, wani lokaci sai mu sunkuyar da kai, don abin da ke rubuce ba ya faɗuwa gaban surukai. Ba da talaka muke ba. Wanda gwanjo ne ƙarfinsa, ya sa abinsa, ya wanke, Allah ya rufa asiri. Shi dai ya sami ɗan lakwal ya karanta masa kafin ya biya. Muna magana ne da mai hali, mai shanu a daji da buhuna a ɗaki, wanda ya rina gemu, ya matse cikin wandon jikansa, don zai ƙara aure yana so a ce da sauransa. Alhaji, yarinyar ta san shekarunka, uwarta ma ta sani.

Me ya sa abin ya dame mu? Domin dattijo ba na kansa ba ne shi kaɗai. Shi ake aikawa neman aure. Shi ke zuwa biko. In manomi da makiyayi sun yi rigima kan ɓarna ko burtali, shi ake kira ya shiga tsakani kafin a kai ga sanda. In an yi rasuwa shi ke zaune a zaure yana amsar gaisuwa. Duk waɗannan ayyuka da kwarjini ake yin su, kuma mutum biyu masu fushi, kafin su ji abin da za ka faɗa, sun riga sun dube ka daga sama har ƙasa. Ranar da gari ya rasa wanda za a ji kunyarsa, sai kowace ƙaramar magana ta tafi gaban jandarma, a yi asarar kuɗi da zumunci. Sunan hular nan ma ya isa wa'azi: mutanenmu ba su ce mata hana-salla a banza ba, sai ka juya ta baya goshinka ke taɓa ƙasa. Saurayi mai tuƙa babur ya sa ta, ta tare masa rana, ba laifi. Liman ko mai unguwa fa?

Abin da ya dace da dattijo ba shi da tsada. Tufa mai tsabta, mai yalwa, wadda za ta rufe shi in ya zauna, in ya durƙusa, in ya yi sujada. Kai a rufe. Wace hula? Wadda ya ga dama. Mai son fara ta saƙi ya sa. Mai son haɓar-kada, wadda ke rufe kunne lokacin hunturu, ya sa, ko da yara sun ce ta tsufa. Ai shi ma ya tsufa, sun dace. Mai kube ya sa, mai zanna-bukar ta Barno ya sa, mai dara ya sa. Mai rawani ya naɗa don ƙura da sanyi, ya dai san irin naɗin da ke na sarauta ya bar wa masu shi. Mai malfa ya shigo da ita har tsakar taro, in inuwa ta samu ya rataye ta a baya, 'yar tagiyarsa na ciki.

Akwai kuma wata cuta da dokar 'yan'uwanmu za ta ƙara wa wuta, ita ce cin bashi don ado. Kowa a nan ya san yadda abin ke tafiya. Da kaka hatsi na arha, tiya ba ta da daraja. Salla ta matso, ko bikin ɗiyar wane. Mai gida ya buɗe rumbu ya sai da damma, ya sayi shadda da kube mai aiki, don kada a raina shi a sahun gaba. Damina ta faɗi, rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma wurin ɗan kasuwan da ya saya masa, ya sayi hatsinsa na jiya da tsada, ko ya ci bashi a kan amfanin da bai ko shuka ba. Ƙasarmu ba ta yafe irin wannan wasa. Tsofaffi sun ga 1973 da 1974. Sun ga 1984, yunwar da anka sa wa suna El-Buhari don ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. A 2005 jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi muni, yara sunka cika wuraren jinya. A waɗannan shekaru riguna nawa masu aiki anka kai kasuwa anka sayar a wulaƙance don tiya biyu? Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. Reshen da ya ce sai da dara da babbar riga ake zama gaba, ya sani yana tura dattawansa wurin mai ba da bashi ne.

Masu son doka za su ce ai manyan ƙasashe sun yi. Sun yi, mun karanta. A ƙasar Turkiyya, Sarkin Musulmi Mahmud na biyu ya tilasta wa ma'aikatansa dara a 1829, don a bar rawani, wai ita ce ci gaba. Ba a cika shekara ɗari ba, a 1925, Mustafa Kamal ya hana ta, ya ce ita ce ci baya, sai malfar Turawa. Mutane sunka yi bore, har anka rataye wasu a kan maganar hula. Hula ɗaya, jiya dole, yau haram! A Zayar, Mobutu ya hana kwat da igiyar wuya a 1972, ya fito da tasa rigar, ya ɗora hular fatar damisa, wai komawa ga asali. Yana sanye da ita ya kwashe dukiyar ƙasar, har ya gudu a 1997. Hular damisa ba ta ciyar da kowa ba.

Waɗanda sunka yi abin kirki da tufa, ta wajen masaƙa sunka bi. Gandhi a Indiya ya ce a kaɗa auduga a gida, a saƙa, a bar sayen yadin Ingila. Hularsa 'yar fara ce wadda kowane matalauci zai iya ɗinkawa. Thomas Sankara a Burkina Faso, tsakanin 1983 da 1987, ya matsa wa ma'aikata su sa saƙin ƙasarsu, don kuɗin albashi ya koma hannun mai noman auduga da mata masu saƙa. Shi ma da tilas ya haɗa, kuma ba mu son tilas, amma aƙalla ya san inda kuɗin ke zuwa. Nan kusa da mu, Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, ya yi zamaninsa da farin yadi marar tsada, alhali yana da ilmi da matsayin da zai sa alkyabba in ya so. Ba a taɓa jin ya kori talaka daga gabansa don tufa ba. To, mu wace hanya munka ɗauka? Dokar da za ta wajabta hular Tunis da ta ƙasar Cek, ta kori ta Gulbin Kaba, a kira ta kishin ƙasa?

Mu ma masu koyarwa sai mun taɓa namu kan. Lakwal ɗin da munka yi, irin wadda Nasara ya kafa ce, kuma darasin farko da anka ba mu, tun kafin a, b, c, shi ne cire hula a bakin aji. Mun girma muna ganin kai a buɗe shi ne wayewa. Wasunmu har yau suna shiga kwat da igiyar wuya a watan Mayu, gumi na zuba, don a ce mushe ya iso. In uban yaro ya zo tambayar karatun ɗansa da malfa da fartanya a kafaɗa, mukan bar shi tsaye a rana. In mai shadda ne, mu jawo kujera. Yara na kallo. Abin da saurayin nan ya yi ranar kasuwa, a farfajiyar lakwal ya gan shi, wurinmu. Kuma ga masu ɗinkin hula na garuruwanmu, waɗanda ke shafe makonni a kan kube ɗaya da allura da zare har idonsu ya raunana, hulunan inji na ƙetare sun karya musu kasuwa, mu kuwa masu albashi mu ne kan gaba wajen sayen na injin.

Saboda haka ga abin da muke nema ga kowane reshe. A janye shawarar nan ta dara da babbar riga, kada a ko rubuta ta cikin littafi. Wurin zama a bi shekaru, kamar yadda ake yi a kowane zaure: wanda ya girme ka yana gabanka, ko me ke kansa. Mai riƙe da littafin sunaye aikinsa rubuta suna ne, ba duba tufa ba. In akwai abin da za a faɗa wa wani dattijo game da shigarsa, sa'ansa ne zai ja shi gefe ya faɗa masa, ba yaro ba, ba kuma cikin taro ba. 'Yan'uwanmu masu koyarwa, kowa ya nemi mai saƙar malfa na garinsa ya kawo shi lakwal ko sau ɗaya a wata, ya zauna bisa kujerar mushe, yara su koyi tsaga kaba. Wanda zai sayi hular salla bana, ya fara zagayawa rumfar masu ɗinkin hannu kafin ya je wurin 'yan koli.

Game da reshen da abin ya faru kuwa, ba takarda za ku aika ba, dattijon ba ya karatun boko. Shugaban reshe da dattawa biyu su ɗauki saurayin nan, da goro, su tafi ƙauyen a ƙasa, ta hanyar da tsohon ya biyo, da hantsi, don ya ji yadda ranar take. In sun isa, ya tuɓe takalmansa a ƙofar zaure. Muna jiran labari kafin kasuwa biyu.